Allon da muka yi da ƙyauren ƙofa

Ni haifaffiyar Wad Madani ce, a ƙasar Sudan. A nan aka binne cibiyata, a nan aka yi mini aure, a nan na haifi 'ya'yana huɗu. Kakana na wajen uba da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji. Ya yada zango a Maiurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa a bakin kogi kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga can ya gangaro Jazira tsinkar auduga don ya cika guzuri. Guzurin bai cika ba har Allah ya karɓi abinsa, mu kuma muka tashi a nan, Hausa a cikin gida, Larabci a kasuwa da makaranta.

A aji huɗu aka cire ni daga makaranta don in taya innata tallan godogodo, abin shan gero mai kama da kunu. Ina iya haɗa baƙi in karanta sunan magani ko rubutun jikin mota, amma takarda in ta kai shafi biyu sai na nemi mai karanta mini. Abin nan ya tsaya mini a rai tun ina budurwa. Ranar da na riƙe hannun 'yar farina na kai ta aji ɗaya, a bakin ƙofar makarantar na ɗauki alkawari tsakanina da Allah cewa 'ya'yana ba za su ɗauki tire a lokacin karatu ba.

Kafin yaƙi muna cikin rufin asiri. Baban yara agashe yake yi, naman nan da duk Sudan ke kira da sunan da muka ba shi. Daga la'asar zuwa dare yana bakin wuta, ni kuma da safe ina dama godogodo ina niƙa dakwa. Makarantar gwamnati ana cewa kyauta ce, amma duk uwa ta san akwai kayan makaranta, akwai kuɗin karin kumallo, akwai gudummawar da ake roƙo kowane wata don alli da gyaran aji, ga darasin la'asar ga mai shirin jarrabawa. Muna biya muna ƙorafi, ba mu san ni'ima muke ciki ba.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, azumi ya rage 'yan kwanaki, aka fara harbi a Khartum. Babbar tawa tana ajin ƙarshe na sakandare, saura wata biyu ta zauna shahada, wato jarrabawar da ke kai yaro jami'a. Mai bi mata namiji ne, yana matsakaiciya, sai mace ta uku a firamare, sai auta da bai ma fara ba. Cikin mako guda motoci suka fara sauke mutanen Khartum a Madani. Aka rufe makarantu, aka zuba 'yan gudun hijira a cikin azuzuwa. Makarantar 'yata ta uku na je da idona na ga an jera katifu inda tebura suke, an rataye wanki a jikin allo. Ban ji haushin kowa ba. Ina za su je?

Wata takwas muka yi muna cewa gobe za a buɗe. A watannin nan babbar ce take zaunar da ƙannenta bayan sallar asuba ta yi musu bita, ni kuma ina jin su daga madafa. Sai tsakiyar Disamba dakarun da ake kira Da'am Sari' (RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati) suka nufo Madani. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yau in na tuna hanyar nan bacci ba ya zuwa. Mun fita da kayan jikinmu, da tukunya biyu, da jakar littattafan da yarinyar ta ƙi saki ko da ubanta ya daka mata tsawa. Muka bi ta Fawo, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babbar mota, har Allah ya kai mu Gadarif gidan goggona.

Goggo ta ba mu bukka ɗaya a ƙarshen gida, mu shida. Gadarif gari ne na dawa da riɗi, amma ruwa saya ake yi, mai amalanken jaki ke kawo shi a ganga. Baban yara ya nemi jarin nama bai samu ba, ya koma dako a kasuwar amfanin gona. Ni na aro murhu na koma dama godogodo a bakin titi. Makarantun can ma cike suke da mutane irinmu.

Abin da ya tayar mini da hankali ƙaramin abu ne. Wata rana na aiki ta ukun ta karɓo bashin kofi bakwai wajen masu ɗinki, ta dawo da kuɗin da bai cika ba. Na ce ta lissafa mini, ta tsaya tana ƙirga yatsu tana kallon ƙasa. Yarinyar da a aji uku take rera jadawalin sau kamar waƙa. Na ga karatu yana zubewa daga kanta kamar ruwa a kwando, na ga kaina ina 'yar shekara goma da tire a ka. A daren nan na ce wa baban yara ko za mu rage cin abinci sai yaran nan sun koma karatu. Ya yi shiru, can ya ce, "Da me za mu biya?"

Akwai wani mutum da ke zuwa shan godogodo kullum da safe, kofi ɗaya yake saya ya sha rabi, ya juye rabi a gora ya tafi da shi. Hausarsa irin ta mutanen Damazin ce. Da na tambaya sai aka ce ai ustaz ne, malamin lissafi, shekara ashirin yana koyarwa. Rikicin da aka yi a can a watan Yulin 2022 ne ya koro shi daga Rusairis zuwa Madani, yanzu kuma ga shi a Gadarif, gudu na biyu. Shi da matarsa da yara uku suna kwana a kusurwar wani aji, an raba su da wasu iyalai da zani. Albashi kuwa ya yi watanni bai gan shi ba, kamar sauran malamai.

Kwana uku ina juya maganar a raina kafin na iya buɗe baki, don kunyar a ce na raina ilimin mutum nake ji. Na ce, "Ustaz, ina da yara huɗu, ba ni da kuɗi. Abin da nake da shi dawa ce da hannun girki." Ya ajiye kofin ya ce, "Yaya, ni ma abin da nake nema ke nan. Ki samo mini wasu gidajen, don gida ɗaya ba zai iya ɗaukata ba."

Na shiga gida-gida. Wasu suka ce in bari a ga ƙarshen yaƙi. Wata ta ce mini khalwa, wato makarantar allo, ta isa, yaro in ya san Ƙur'ani ya san komai. Na ce ban ƙi ba, nawa ma suna zuwa da allonsu da yamma, amma shehin khalwa ba ya ba da takardar shiga jami'a. A ƙarshe muka haɗu gida bakwai, yara goma sha tara. Muka yanke cewa kowane gida zai ba da malwa ɗaya ta dawa duk mako (malwa mudun awon hatsi ce), abincin rana na ustaz da iyalinsa kuma zagaye za a yi, kowace mace da ranarta. Gidan da ba shi da dawa ya kawo gawayi ko ya biya gangar ruwa. Wata bazawara mai yara uku ba ta da ko ɗaya, ita ta ɗauki wankin iyalin ustaz. Babu wanda ya rubuta komai. Goggo ce shaida, kuma a gindin dalbejiyar gidanta aka shimfiɗa buhuna.

Allon shi ne abin da ba zan manta ba. Akwai wani tsohon ƙyauren ƙarfe jingine a bayan makewayi, tsatsa ta ci gindinsa. Ustaz ya sa yara suka goge shi da yashi har ya yi santsi. Ya sa aka tsinto matattun batura, ya fasa su ya kwashe baƙin da ke ciki, ya jiƙa ƙaro ya kwaɓa su tare, irin yadda ake haɗa tawadar allo amma da kauri. Ya shafa sau uku, kowane shafi sai ya bushe a inuwa. Da ya ja layin farko da alli, farin ya fito tas, yara suka yi shewa. Auta ya matsa ya taɓa da yatsa ya kalli yatsan. Duk mako biyu sai an sake shafi, don haka yaran unguwa suka zama masu farautar batir.

Littafin rubutu ɗaya ake saya wa yaro, ya yi rubutu da fensir, in ya cika a goge a sake. Takardar in ta sha gugar sau uku sai ta fara hujewa. Ƙananan a ƙasa suke rubutu da tsinke. Littattafan karatu kuwa, in ban da na jakar 'yata, babu. Ana samun su a waya, malamai suna tura wa juna ta WhatsApp, amma wayar gidanmu mai madannai ce. Ina da 'yan kunnen zinare da innata ta sa mini ranar aurena, su kaɗai suka tsira don suna jikina. Na kai kasuwa. Mai awo ya ɗora su a sikeli ya faɗi kuɗi, na san ya karya, don ya ga irina da yawa a ranar. Na karɓa. Muka sayi waya ta hannu, da ragowar muka buga littafin lissafi da na Larabci a takarda, kwafi bibbiyu, ana karɓa-karɓa. Allah ya sa mun buga ɗin, don a watan Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke gaba ɗaya. Ɗan abin da ƙanena ke turowa daga Jidda ta Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi a waya, shi ma ya tsaya cak har sai da layi ya dawo.

Akwai abin da na gani a gindin bishiyar nan da ban taɓa gani a makaranta ba. Ustaz in ya yi bayani da Larabci ya ga idon yara ya yi fari, sai ya juya Hausa. Ranar da zai koya musu kashi-kashi, kisira, wainar dawa mai faɗi marar kauri, ya sa aka kawo. Ya ninka ta biyu ya ce rabi, ya sake ninkawa ya ce rubu'i, ya yaga ɗaya ya ba auta ya ce, "To, saura nawa?" Ni da nake tankaɗe a gefe sai na ji na ba da amsa a zuciyata, kuma daidai ce. Shekara talatin da barin aji, ranar na gane abin da ya gagare ni.

Mutane suna tambayata nawa karatun gida ya ci mana, suna jiran in faɗi kuɗi. Dawa da alli ba su ne masu nauyi ba. Mai nauyin shi ne safiya. Godogodo da safe ake shansa, kuma mai tire da ke zagaya shaguna ta fi mai zama wuri ɗaya ciniki nesa ba kusa ba. Duk matan da ke sana'ata 'ya'yansu na zagayawa, tawa tana gaban allo. Kusan kashi ɗaya cikin uku na cinikina nake bari kullum a kan buhun da take zaune. Goggo ta sha faɗa mini, "Ke 'yar nan, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ki bar ta ta yi talla, karatu ba zai gudu ba." Ba mugunta take yi ba, tukunyarmu take gani. Amma ni na san karatu yana gudu, don nawa ya gudu ina kallo.

Ita ma babbar ta biya nata. Yara goma sha tara masu aji daban-daban sun fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ustaz ya ba ta ƙananan. A madadin haka yake zama da ita bayan la'asar ya yi mata lissafi da kimiyya ba tare da ƙarin ko ƙwayar dawa ba. Da rana tana koyar da alif da ba, da dare tana kifa kai a kan littafinta da fitilar waya, in an samu kuɗin caji. Ba a san ranar jarrabawa ba, ba a ma san ko za a yi ba. Sau biyu ana zuwa neman aurenta. Na biyun mai hali ne, yana da shago. Baban yara ya kira ta ya tambaye ta, ta ce, "Abba, ka bar ni in zauna shahada tukuna." Ya dube ni, ya dube ta, ya ce shi ke nan. Na san abin da wannan kalma ta ci masa, don a ranar ko kuɗin ruwa ba mu da shi.

Kuɗin ƙasar kuma kullum narkewa yake. Kafin yaƙi dala ɗaya wajen jine 600 ce, kafin ƙarshen 2024 ta haura 2,000. A nan na ga hikimar biyan ustaz da dawa. Da kuɗi muka yanke, da duk wata sai an zauna sabon ciniki, da zumunci ya ɓaci. Malwa kuwa malwa ce.

Damina ta zo da nata. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, in an yi ruwa takalmi ma sai ka cire. Muka mayar da karatu cikin bukkar Goggo, rabi da safe rabi da hantsi. A ƙarshen Yuni dakarun nan suka shiga garin Sinja, mutane suka sake kwararowa, dawa ta yi tsada. Gida biyu suka janye yaransu. Sai kwalara ta ɓarke, ta kama baban yara. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ya yi wata biyu ba ya iya ɗaga buhu. Bashi ya taru a kaina, wajen mai gero, wajen mai sukari, wajen mai ruwa. Mako uku ban kai malwata ba. Ustaz bai ce komai ba, kuma shirun nasa ya fi magana ciwo, don na san yaransa ma ci suke yi.

A watan Oktoba riɗi ya nuna. Wanda ya san Gadarif ya san riɗi ba ya jira, in ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba kwanson ya fashe ya zube, don haka manyan manoma ke turo motoci cikin gari neman hannu, ana biya a kan kowace hilla, wato tarin dammunan riɗi, da mutum ya tara. A daidai lokacin kuma aka tabbatar za a yi shahada, aka ce masu gudun hijira su yi rajista a inda suke don a ba su lambar zama. Akwai kuɗin rajista, akwai hoto, akwai zirga-zirga, ga takardun bita.

Ɗana namiji, yana da shekara goma sha huɗu, ya same ni ina wanke tukunya ya tsuguna. Ya ce, "Yumma, ki bar ni in bi motar riɗi. Mako uku kawai. In biya wa Yaya, in dawo." Shi ne ya fi kowa kai a cikinsu, ustaz da bakinsa ya faɗa. Na ce a'a. Ya sake zuwa washegari na ce a'a. A rana ta uku mai gero ya aiko cewa ba zai ƙara ba ni ba sai na rage. Da yaron ya zo ban ce masa komai ba, na ɗaure masa dakwa da busasshiyar kisira a leda.

Wannan ledar ita ce abin da nake tubar wa Allah a kai har yau. Na rantse ba zan ɗora wa 'ya mace tire ba, na cika. Ban taɓa kawowa a raina ta wajen namijin za a shigo mini ba.

Mako uku ya zama shida. Ya dawo ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta da yankan lauje, ya zube kuɗi a cinyata bai cire ko jine ɗaya ba. Da su na biya mai gero, na kai wa ustaz malwa huɗu a haɗe, aka yi wa yayarsa rajista. Ya zauna gaban allo kwana biyar. Na lura ba ya ɗaga hannu, an wuce shi, kuma yaron da ya riƙe kuɗin guminsa zama a kan buhu cikin ƙanana yana yi masa wuya. Da aka fara yankan dawa ya sake bin mota. Wannan karon bai tambaye ni ba, sallama kawai ya yi.

Ranar 28 ga Disamban 2024 aka fara jarrabawar, shekara ɗaya da rabi bayan lokacinta. Na raka ta har bakin ƙofa, ban dama godogodo ba a ranar. Ustaz ma ya zo, da jallabiyarsa guda ɗaya wadda bazawarar nan ta wanke ta goge. Ya ba ta biro biyu da ya saya da kuɗinsa ya ce, "'Yata, ki fara da wadda kika sani." Iyaye mata muka zauna a jikin katanga, wasu daga Khartum, wasu daga Sinnar, ba mu san juna ba, muna ta jan carbi. Ranar 11 ga Janairun 2025 labari ya zo cewa sojoji sun karɓe Madani, gari ya ɗauki guɗa.

Mun koma gida bayan 'yan watanni. Ƙofofi babu, gado babu, ko wayar lantarki an zare daga bango. A can sakamako ya same mu, ta ci, kuma da maki mai kyau. Na yi sujada a tsakar gida a kan ƙasa. Da na kira ustaz na faɗa masa, sai na ji ya yi shiru, can na ji yana share hanci. Shi yana Gadarif har yanzu, ƙyauren ma yana nan, Goggo ta ce yaran unguwa ba su bar shi ya huta ba. Kuɗin jami'a wani dutse ne da ke gabanmu, ƙanena ya ce zai ɗauki rabi. Ta ukun da auta sun koma aji da aka buɗe makarantarsu, kuma malamarsu ta ce ba a bar su a baya ba.

Namijin yana wajen ubansa, sun sake kafa teburin agashe. Shi ke yanka, shi ke barbaɗa yaji, shi ke riƙe littafin bashi, kuma ba a taɓa kama shi da kuskuren lissafi ba. Na shiga adashi da matan layinmu, wanda a nan muke kira sanduk, kwasata tana zuwa wata na biyar. Na riga na yi magana da wani malami da ke koyar da manya da safe, lokacin da ba a hura wutar nama ba. Da na gaya wa yaron sai ya ce, "Yumma, ki ba Yaya kuɗin, ita ce ta kusa." Na ce na Yaya daban, wannan nasa ne, bashi ne nake biya. Bai ce to ba, bai ce a'a ba.

Shekaranjiya da dare na fito zagayawa na ga haske a zaure. Yana zaune da kayan aikinsa, ƙamshin hayaƙi a jikinsa, ya buɗe tsohon littafin lissafin nan da muka buga a Gadarif, wanda gefensa duk ya naɗe. Fensir na hannunsa. Na koma ɗaki a hankali don kada ya ji motsina.